Cocin Ƙasa na Wusasa: Tsari Daga Ƙauyen Ingila, Aiki Daga Maginan Zazzau

A gefen birnin Zariya, daf da dutsen Kufena, akwai wani tsohon gini da baƙo zai iya wucewa ta gabansa yana zaton soron wani hakimi ne. Da ƙasa aka gina shi, bangonsa mai kauri, rufinsa kuma yana zaune a kan baka irin wadda maginan Hausa suka gada kaka da kakanni. Wannan shi ne cocin Saint Bartholomew na Wusasa, wanda 'yan mishan na ɗarikar Angalikan suka sa aka gina a 1929.

Mutumin Zongon Kumasi da ya saba ganin babban cocin Katolika na Saint Peter a kan tudun Roman Hill, ko na Wesley da na Ramseyer a Adum, yana da hujja in ya ɗauka cewa coci sai da doguwar hasumiya, da gilashi mai launi, da dutse ko siminti. Ginin Wusasa ya rushe wannan zato. Ya kuma tono wata tambaya da ta shafi Musulmi da Kirista baki ɗaya: me ke sa ɗakin ibada ya shekara ɗari ko dubu yana tsaye, wani kuma ya zube tun waɗanda suka gina shi ba su gama tsufa ba? Neman amsar zai kai mai karatu ƙauyukan Ingila, inda Turawan da suka tsara cocin Wusasa suka tashi.

Tun kafin a san ƙananan hukumomi, an raba Ingila gunduma-gunduma ta fuskar addini. Kowace gunduma da cocinta, da limaminta, da makabartarta. A yau Cocin Ingila yana riƙe da gine-gine kimanin 16,000, kuma sama da 12,000 daga cikinsu suna cikin jerin gine-ginen tarihi waɗanda doka ta hana a taɓa su sai da izini. Kaɗan ne daga ciki manyan majami'u irin ta Kantabari. Mafi yawa ƙananan coci-coci ne na karkara, wasu a ƙauyen da mutanensa ba su cika ɗari biyu ba.

Tsarinsu kusan ɗaya ne. Ginin yana miƙewa daga yamma zuwa gabas. A ƙarshen gabas akwai ɗan sashen da bagadi yake, wurin limami ke nan. Dogon zauren jama'a yana haɗe da shi, hasumiyar ƙararrawa galibi tana yamma, ƙofar shiga kuma tana kudu da 'yar rumfa a gabanta. Kwanon baftisma na dutse yana kusa da ƙofa, domin a wajensu ta nan jariri ke shiga cikin jama'a. A zamanin da har nauyin gyara rabawa aka yi: sashen gabas yana wuyan wanda ke karɓar ushirin amfanin gonar gunduma, zauren jama'a da hasumiya kuma suna wuyan mutanen gari. Shi ya sa a wurare da dama zauren ya fi sashen limami tsayi da ƙawa. Mutanen gari suna gasa da ƙauyen maƙwabta, mai karɓar ushiri kuwa ya ɗaure bakin jakarsa.

Ita 'yar rumfar nan ta ƙofa ta yi wa ƙauyen Ingila aikin da zaure ke yi wa gidan Bahaushe. A nan ake fara ɗaurin aure, a ƙulla ciniki, a biya bashi a gaban shaidu, a liƙa sanarwar hukuma.

Kayan aikin su ne suka fi ba da labari. Kafin zuwan jirgin ƙasa, kuɗin dakon dutse daga nesa yakan fi kuɗin dutsen kansa, don haka kowane ƙauye ya yi gini da abin da ƙasarsa ta ba shi. A yankin Cotswolds akwai dutse mai ruwan zuma da ke sassaƙuwa cikin sauƙi, coci-cocinsu duk launinsa suka ɗauka. A Nofok da Safok, can gabas, ba dutsen sassaƙa sai ƙananan duwatsun ƙyastu da ake tsincewa a gona. Fitar da kusurwa da irin wannan dutse aiki ne ja, kuma wannan na cikin dalilan da masana ke bayarwa na hasumiyoyi masu kewaye, kimanin 180 a duk Ingila, mafi yawansu a Nofok. A Greensted ta yankin Essex har yau akwai cocin da bangonsa gumaguman itace ne da aka tsaga biyu aka jera a tsaye, kuma binciken zoben itacen ya nuna an sare su a rabin ƙarshe na ƙarni na 11. A Escomb, arewacin ƙasar, maginan wajen shekarar 675 sun je kangon sansanin sojan Rum da ke Binchester suka kwaso duwatsu. Ɗaya daga ciki yana ɗauke da sunan wata rundunar Rum, an kuma dasa shi a bango rubutun yana kallon ƙasa, alamar cewa magini dutse ya gani, bai damu da abin da aka rubuta ba.

Da wuya a sami cocin ƙauye da aka gama shi a zamani ɗaya. Bayan zuwan ɗan mishan Agustin yankin Kent a 597, an fara da ƙananan ɗakuna masu ƙunci da 'yan tagogi. Da Nomawan Faransa, wato mutanen Nomandi, suka ci Ingila a 1066, sai suka kawo bango mai kauri da baka mai rabin da'ira, da ƙofofi masu zanen dabbobi da ganyaye, irin na Kilpeck da aka gina wajen 1140. Daga ƙarshen ƙarni na 12 baka mai tsini ta shigo, wadda ta ba magini damar ɗaga rufi sama da faɗaɗa taga. Annobar 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar, gine-gine da yawa suka tsaya cak. Bayanta kuɗin gashin tumaki da saƙa ya shigo, attajirai suka zuba dukiya a coci-cocin garuruwansu. A Lavenham, wani ɗan gari a Safok, iyalin Spring masu sana'ar tufa da gidan sarautar de Vere suka tayar da hasumiya mai tsayin sama da mita 40, aka kammala ta wajen 1525. Duk wanda ya san yadda fataken goro suka riƙa gina masallatai a zangunan Gonja da Asante ba zai yi mamakin wannan hali ba: ɗan kasuwa in ya samu, yana son a ga alamar samunsa a ɗakin Ubangiji.

Abin lura shi ne, kowane zamani yakan ƙara nasa ne a jikin na baya. Za a ga ƙofar 1150, da tagar 1300, da rufin 1480, da mumbarin 1630, duk a gini ɗaya. Talauci ma ya taimaka a nan, domin ƙauyen da ba shi da kuɗin rushewa ya sake sabo, dole ya yi ta faci.

An yi ɓarna kuma, ba kaɗan ba. Bayan Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma a 1534, musamman a zamanin ɗansa Edward, an farfasa gumaka, an shafe zanen bango da farar ƙasa. A 1643 da 1644 wani mutum mai suna William Dowsing ya bi coci-cocin Safok da yankin Kambirij yana fasa gilasai da siffofi da izinin hukuma, yana kuma rubuta abin da ya fasa a kowane gari, har littafin nasa ya zama madogarar masu tarihi a yau. Amma a cikin wannan guguwa aka yi wani abu mai amfani. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry, ya ba da umarni kowane limami ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza a littafi, a ajiye shi cikin akwati mai makulli. Saboda wannan umarni, manomin Ingila da ba kowa ba ne ana iya bin zuriyarsa shekara ɗari huɗu baya.

Daga irin waɗannan gundumomi ƙungiyar mishan ta CMS ta riƙa samun ma'aikata da kuɗi. A 1900 wata tawaga ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ta taso daga Legas ta nufi Kano. A cikinta akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Turabulus wajen alhazai da fataken da ke can. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umarce su da su fita daga garin. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Miller bai haƙura ba. A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Ta fuskar juya mutane zuwa Kiristanci, aikin bai yi wani armashi ba a birni irin Zariya mai malamai da tsangayu. Jama'ar da ta fara taruwa a kusa da Miller 'yan kaɗan ne: yaran makaranta, da wasu Fulani da Hausawa ɗaiɗaiku, da zuriyar Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. An kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya watsa shi. Hukumar Turawan mulki kuma ba ta taɓa sakin jiki da zaman mishan a cikin ganuwar birnin Musulmi ba, domin tana tsoron abin da zai ɓata tsakaninta da sarakuna. A ƙarshen shekarun 1920 aka kwashe makaranta da ɗakin magani aka koma Wusasa, bayan gari. Guy Bullen, wanda daga baya ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama a 1937, shi ne ke jan ragamar aikin lokacin da aka gina cocin.

Da sun so, 'yan mishan za su iya yin abin da aka yi a Legas ko Cape Coast, su kwaikwayi ginin Ingila da bulo da kwano. Sai suka kira maginan ƙasar. A zahiri wannan ya fi kusa da al'adar ƙauyen Ingila fiye da kwaikwayon, tunda ƙa'idar can ita ce a yi gini da abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Abin da ke ƙarƙashin ƙafa a Zazzau kuwa jar ƙasa ce, da giginya, da magina waɗanda kakanninsu suka yi aiki a zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya lokacin Sarki Abdulkarimu, wajen ƙarshen shekarun 1830.

Ginin ƙasa na Hausa ba jibga laka ba ne. Ana haƙo ƙasa mai kyau, a cuɗa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta kwana, a sake takawa har ta yi danƙo. Da ita ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana jera tubalan a tsaye, kai sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango yana da kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ke riƙe sanyin dare ya sake shi da rana, shi ya sa ɗakin ƙasa yake da daɗin zama a watan Afrilu lokacin da ɗakin kwano ya zama tanda.

Gwanintar tana wajen rufi. Azara, wato tsagin gangar giginya, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika cinta ba, amma guda ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2. To, yaya za a rufe zauren da zai ɗauki jama'a? Sai magini ya dasa azara a cikin bango ta leƙo ciki kaɗan, ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, yana ɗaurewa da igiya yana lulluɓewa da ƙasa, daga wannan bango da wancan, har hannayen biyu su haɗu a sama. Wannan ita ce baka. In aka yi ta ɗaya mai kewayowa daga gefe zuwa gefe, bakan gizo ke nan. In aka giciya su suka haɗu a tsakiya, an yi ɗaurin guga, a kansa kuma ake ɗora tulluwa. Bambancinta da bakar dutse ta Ingila babba ne. Bakar dutse tana tsayuwa ne saboda kowane dutse yana danne ɗan'uwansa, nauyin yana tura bango waje, don haka dole a tokare shi da ginshiƙai daga baya. Bakar Hausa kuwa ƙashin itace gare ta a ciki, ƙasa tsoka ce kawai, kusan irin dabarar da injiniya ke yi yau da rodi da kankare. Maginan Zazzau suna wannan lissafi tun ba a kawo buhun siminti ko ɗaya ƙasar ba.

Sauran aikin na kare gini daga ruwa ne. Ana yaɓe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Rufi kuma ana shafe shi da laso, haɗin katsi daga karofi, da gashin jima, da ruwan dafara. Indararo yana fitar da ruwa nesa da bango, zankwaye suna ƙawata kusurwa. Duk wannan ba ya dawwama, kuma maginan ba su taɓa cewa zai dawwama ba. Sharaɗin ginin ƙasa shi ne a duba shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Ƙauyen da ya taso a kewayen cocin ƙarami ne, amma sunansa ya yi nisa. Asibitin Saint Luke yana nan. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller ya yi shekaru yana aikinsa tare da wasu, ya fito a 1932. Daga wannan jama'a aka sami Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Da John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara a wurin. Ko wanda bai yarda da manufar da ta kawo 'yan mishan ba, ba zai iya ba da tarihin boko da asibiti a Arewa ya tsallake wannan ƙauye ba.

Ghana ma tana da irin wannan gini, kuma ya girmi na Wusasa. A Navrongo, kusa da iyakar Burkina Faso, limaman Katolika da ake kira White Fathers sun fara gina coci da ƙasa a 1906, aka faɗaɗa shi a 1920. A shekarun 1970 matan Sirigu suka ƙawata cikinsa da zanen bango irin na gidajensu. Yana nan tsaye, kuma a 2006 Fadar Paparoma ta ɗaga darajarsa. Wanda ya je Bolgatanga kasuwanci, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce ta raba shi da ganinsa.

Labarin masallacin Larabanga, shi ma a Ghana, shi ya fi kamata kowane ɗan kwamitin masallaci ya sani. Ruwayar mutanen garin tana kai asalinsa 1421. A shekarun 1970, da kyakkyawar niyya, aka yaɓe shi da siminti don a huta da gyaran kowace shekara. Sai simintin ya hana bango numfashi. Laima ta taru a ciki, gara ta samu itacen da ke riƙe ginin, har wani ɓangare ya zube. A 2002 ya shiga jerin gine-ginen duniya da ke cikin haɗari, kuma maganin da masana suka kawo shi ne a kankare simintin gaba ɗaya, a koma yaɓen ƙasa, a sake koya wa matasan garin aikin kakanninsu. Gidajen tsafin Asante guda goma da suka rage a kewayen Kumasi, irin na Besease kusa da Ejisu, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980, sun sha irin wannan wahala: da aka sauya dogon rufin ciyawa mai gangara da na kwano, ruwa ya riƙa dukan bangon da a da yake a rufe.

Ingila ta riga kowa faɗawa wannan rami. A ƙarni na 19, lokacin da kuɗin masana'antu ya yi yawa, aka bi dubban coci-coci da sunan gyara, aka kankare tsohon yaɓe, aka fitar da tsofaffin kujeru, aka sauya tagogi don su yi kama da abin da mai zane yake ganin ya kamata a ce an gina tun farko. Takaicin wannan ne ya sa William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, wadda har yau tana aiki. Ra'ayinsa mai sauƙi ne: a toshe yoyo yau, a share magudana, a tokare abin da ya karkata, kada a jira gini ya lalace sannan a zo da babban kwangila. Daga baya ra'ayin ya zama doka. Tun 1955 wajibi ne ƙwararren mai zanen gini ya duba kowane cocin gunduma duk shekara biyar, ya rubuta rahoton abin da ke buƙatar gyara nan take da abin da zai iya jira. Akwai kuma wakilai daga cikin jama'a da ake zaɓa kowace shekara su kula da gini da kayansa, kuma ko bango za a fasa sai an nemi izini a rubuce.

Wannan bai sa sun huta ba. Masu zuwa ibada sun ragu ƙwarai, ɓarayi suna kwance dalmar rufi, ƙauyen tsofaffi ashirin yakan wayi gari da lissafin gyaran da ya fi ƙarfinsa. Wata gidauniya da aka kafa a 1969 tana riƙe da coci-coci sama da 350 da aka daina ibada a cikinsu a kai a kai. Matsalarsu gini ne ba jama'a. A ƙasar Hausa da zanguna matsalar a juye take: jama'a sun yi wa gini yawa, sahu yana fita har titi ranar Juma'a, don haka tunanin farko shi ne a rushe a faɗaɗa.

Haka aka rushe tsohon masallacin Juma'a na Kano aka gina na yanzu a farkon shekarun 1950. Na Zariya ya tsira da rabin rai: a shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe abin da ya rage na aikin Babban Gwani. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani ɓangaren tsohon ginin ya rufta, mutum aƙalla 7 suka rasu. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana shirin kiran injiniyoyi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma tsagar da ta kai ga ruftawa ba a dare ɗaya take farawa ba, kuma irinta ce duban shekara biyar-biyar yake kamawa. A ɗaya gefen, hasumiyar Agadas da aka sake ginawa a 1844 tana tsaye da tsayinta na mita 27, masallacin Yaama a jihar Tawa da Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci lambar yabon Aga Khan a 1986, mutanen Jenne kuma suna fita kowace shekara su yaɓe masallacinsu. Ƙasa ba ta gaza ba a inda aka ci gaba da kula da ita.

Kumasi ba ta da tsohon masallacin ƙasa irin waɗannan da za ta nuna wa baƙo, ko da yake Musulmi sun daɗe a garin. Jakadun Ingila, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun tarar da malamai a kusa da fadar Asantehene Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da layu. Gobarar da sojan Ingila ƙarƙashin Wolseley suka sa wa birnin a 1874, da sake fasalin da Turawa suka yi bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sun share tsohuwar Kumasi. Zongon da aka sani yau bayan haka ya bunƙasa, da fataken goro da na shanu, da tsofaffin sojoji, da malamai daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Mosi. Masallatansa na bulo ne da kwano, shekarunsu ba su kai na Escomb ko Larabanga ba, amma tarihin da ke cikinsu ba ƙarami ba ne. Rikicin babban masallaci na shekarun 1950, wanda ya cakuɗe da siyasar jam'iyyu har gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba daga ƙasar a 1957, babi ne a tarihin Ghana kanta. Mai son karanta shi yau sai ya nemi littafin wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, na 1978, domin a masallatan unguwa ba a saba da ajiye littafin tarihi ba.

A watan Maris na 2023 Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya buɗe babban masallacin Kumasi bayan gyaran da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ɗauki nauyinsa, aka ce yanzu yana ɗaukar mutum 7,000. Abin farin ciki ne. Amma irin wannan gyara yana zuwa ne sau ɗaya a rayuwar mutum, kuma babban masallaci kaɗai yake samu. Ƙananan masallatan Aboabo, Asawase, Sabon Zongo da Yalwa, waɗanda wani alhaji ya gina a ƙofar gidansa shekara sittin ko saba'in da suka wuce, su ne ake rushewa ɗaya bayan ɗaya a ɗora bene, ba hoto, ba awo, ba wanda ya rubuta sunan maginin.

Ba wanda zai ce a bar jama'a suna sallah a rana don a adana tsohon bango. Abin da ake roƙon kwamitocin masallatai da na coci-cocin Zongo bai kai kuɗin buhun siminti goma ba. Kafin a ɗora guduma, a ɗauki hoton ginin ciki da waje, a auna shi, a zauna da dattawan unguwa a rubuta wanda ya ba da fili, da wanda ya gina, da jerin limamai da ladanai. In akwai tsohuwar ƙofa ko mumbari ko allon da aka rubuta shekara, a mayar da shi cikin sabon ginin. A sayi littafi a riƙa rubuta ɗaurin aure da suna da jana'iza. Jami'ar Kwame Nkrumah tana nan cikin gari da sashen koyar da zanen gine-gine, kuma ɗalibanta suna neman irin wannan aiki na awo da dubawa. Wasiƙa ɗaya daga limami da Sarkin Zongo za ta iya buɗe ƙofar. A kuma sa wa rufi da magudana rana a kalanda. Ruwa yana sauka a Kumasi daga watan Maris, don haka aikin hawa rufi na Janairu da Fabrairu ne.